Keke da Tarbiyyar Ɗan Ƙasa: Misali daga Ƙasar Holan

Gabatarwa

Abin hawan mutum yana da tasiri a kan yadda yake kallon garinsu. Wanda ke cikin mota gilashi ya shiga tsakaninsa da jama'a. Mai keke kuwa yana jin ramin hanya a jikinsa, yana shaƙar iskar unguwa, yana kuma iya dakatawa ya gaisa da maƙwabci. Saboda haka ya fi saurin fahimtar cewa titi kayan kowa ne, kuma gyaransa ya shafe shi. Tarihin ƙasar Holan ya tabbatar da wannan batu.

Yadda Jama'a Suka Ƙwato Titi

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu motoci sun yawaita a Holan, aka faɗaɗa hanyoyi dominsu, masu keke suka rasa wuri. A shekarar 1971 kaɗai kimanin mutum 3,300 suka rasu a haɗarin hanya, daga cikinsu akwai yara fiye da 400. Wannan ne ya sa iyaye suka kafa wata ƙungiya mai taken a daina kashe yara, suka riƙa tare tituna da kekuna suna neman hukuma ta ɗauki mataki. Da aka shiga ƙarancin man fetur a 1973, gwamnati ta hana tuƙa mota a wasu ranakun Lahadi, sai jama'a suka ga yadda gari ke kasancewa idan babu cunkoso. A 1975 aka kafa ƙungiyar masu keke ta ƙasa. Sannu a hankali hukumomi suka keɓe wa keke hanyoyinsa, har ta kai yau kekuna sun fi mutanen ƙasar yawa.

Rawar Makaranta

A yawancin makarantun firamare na ƙasar, ɗalibai na ajin sama suna ɗaukar jarrabawar dokokin hanya a rubuce, da yawa kuma sukan yi ta a aikace bisa keke. Ta haka yaro ke koyon bin doka, da ba wani hanya, da sanin lungu da saƙon garinsu.

Kammalawa

Abin lura ga malami shi ne, kishin ƙasa ba a allo kaɗai ake koyar da shi ba. Yaron da ya san hanyar makarantarsu, ya kuma san yana da haƙƙi a kanta, shi ne gobe zai tambayi hukuma dalilin lalacewarta.