Ruwan zafi na wanka: hattara da lantarki

Ƴan uwa, lokacin ɗari wasu suna ɗumama ruwan wanka da inji mai lantarki. Wutar gida volt 220 ce. In ta taɓa jiƙaƙƙen jiki, tana kisa.

Injin yana buƙatar waya uku. Biyu su ne hanyar wuta. Ta uku, mai launin tsanwa da rawaya, ita ce wayar ƙasa. Ana haɗa ta da sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, zurfin kamar metir 2. In wuta ta zurare cikin ƙarfen inji, sai ta bi wannan waya ta shige ƙasa, maimakon ta bi jikin mutum.

A sa kuma dizonkter mai miliamper 30, wanda ke katse wuta nan take. Wannan aikin gwanin lantarki ne, kada ku yi shi da kanku. Rigakafi ya fi magani.