Kada a Ɗora wa Bawul Laifi

A unguwar Jarwal ta Makka, inda Hausawa suka daɗe da zama, in tsohuwar amsa-kuwwa mai bawul ta lalace, akan ce bawul ne ya mutu. Sau da yawa kuwa laifin ba nasa ba ne.

Gwanin gyara yakan fara auna wutar bango, domin gidajen Saudiyya sun daɗe da wuta iri biyu, bolt 127 da 220, kafin a yanke shawara a 2010 a koma 230. Akwatin da aka saita a ƙarama, in ya sha babba, taransifomarsa za ta ƙone. In kuwa yana gurnani, galibi kwandansa ce zafin Makka ya busar.

Sa'an nan sai ya duba linzamin bawul, watau 'yar wutar da ke hana shi zuƙar lantarki fiye da kima. In ta ɓace, farantin cikinsa ya yi ja kamar garwashi, sabon bawul ma haka zai ƙone.

Amma a yi hattara. Kwandansa takan riƙe bolt 400 ko bayan an zare waya, ta kuwa isa kashe mutum. Lalle a sauke wutarta kafin a sa hannu.