Mai Kod Yana Nan, Ina Mai Zane? Abin da Ke Tsayar da Gem ɗin Hausa a Zariya

Duba wayarka ka ƙirga gem nawa ne a ciki. Yanzu ka ƙirga waɗanda wani ya yi magana da Hausa a cikinsu, ko waɗanda ka ga gida mai zaure da soro. Yawancinmu lissafi na biyu ba ya wuce sifili. Mutane kan ɗauka rashin masu iya rubuta kod ne ya jawo haka, amma a ganina wannan shi ne ƙaramin ɓangaren matsalar.

Koyon kod ya yi sauƙi yanzu. Manhajar Godot kyauta ce, ba ta da nauyi, har akwai wadda ke aiki a wayar Android. Wanda ya dage da darussan YouTube na wata shida zai iya sa ɗan akwati ya yi tsalle, ya ci maki, ya mutu. Daga nan ne aiki ke cijewa, domin ba wanda zai sauke gem ɗin akwatuna. Ni ma gem ɗin dambe da nake haɗawa a Kwangila nan ya tsaya: naushi yana shiga, alƙali yana ƙirga faɗuwa, amma 'yan damben har yau sanduna biyu ne, ja da shuɗiya. Ina neman wanda zai zana hannun da aka ɗaure da zare, da yadda ɗan dambe ke karkata jiki kafin ya kai bugu. Ina neman mai kalangu, da mai muryar kirari.

Akan kawo misalin Eric Barone, ɗan Amurkan da ya yi Stardew Valley shi kaɗai, kod da zane da kiɗa duka, ya fitar a 2016. Gaskiya ne, amma ya kwashe sama da shekara huɗu a kai, kuma ba ya jiran a kawo wuta. Misalin da ya fi kama da namu na Kamaru ne. Kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016, kuma taron masu zane da masu kod ne suka yi shi, bayan sun tara kuɗi daga masu zuba jari da kuma shafin Kickstarter. Haka Leti Arts, wanda Eyram Tawia na Gana da Wesley Kirinya na Kenya suka kafa a 2009, kowa yana ƙasarsa. A Legas akwai Maliyo Games na Hugo Obi tun 2012.

Abin haushin shi ne Zariya ba garin da za a ce babu masu zane ba ne. Daga gadar Kwangila zuwa Samaru tafiyar 'yan mintuna ce a adaidaita, kuma can ne Sashen Zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello yake. A garin nan ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, suna cewa a riƙa zana abin gida da idon gida maimakon kwaikwayon Turawa. Abin da gem ɗinmu ke buƙata ke nan. Jami'ar tana da sashen wasan kwaikwayo, inda za a samu masu murya. Kano kuma, mai cike da situdiyon waƙa da masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, mota ɗaya ce daga tashar Kwangila.

To me ya hana haɗuwa? Kuɗi, da yadda muke yin tayin. Mai kod zai tura saƙo ya ce, "Zo mu yi gem, in ya fashe za mu raba." Mai zanen da ke cin abinci da zanen katin biki da fosta ya san ma'anar wannan: wata uku na aiki kyauta. Yana da gaskiya in ya ƙi. Abin da na ga ya fi jan hankalin mutum shi ne ka miƙa masa waya ya buga abin da ka riga ka haɗa, ko da sanduna ne. Sannan ka nemi abu ƙarami mai iyaka, kamar ɗan dambe ɗaya da motsi huɗu. In da hali ka biya ko kaɗan ne. In rabon riba za a yi, a rubuta kason kowa a takarda tun ranar farko, da wanda ya mallaki zanen idan tafiya ta watse, da sunan da za a buɗe asusun Google Play da shi. Wannan na ƙarshen shi ya fi raba abokai, domin kuɗin duka asusun mutum ɗaya suke shiga.

Gwajin hali mafi arha shi ne gasar haɗa gem cikin ƙanƙanin lokaci. Global Game Jam ana yin ta duk watan Janairu tun 2009, a ba ku jigo ku haɗa gem cikin awa 48. Shafin itch.io kuma kusan kullum akwai irinta ta intanet. Kwana biyu sun isa ka gane wanda ke cika alkawari da wanda wayarsa ke "mutuwa" duk lokacin da aka zo karɓar aiki.

Akwai kuma rukunin da ake mantawa da su, wato masu gwaji, kuma a nan ne kai mai karatu za ka shigo ko ba ka iya zana komai ba. Buɗe asusun Google Play dala 25 ne, sau ɗaya. Amma sabon asusu na mutum ɗaya ba ya fitar da manhaja ga jama'a sai aƙalla mutum 12 sun shiga gwajinta kwana 14 a jere. Da farko ma mutum 20 ne, daga baya aka rage. Kuma gem ɗin da ya yi gudu lafiya a kwamfuta yana iya sandarewa a ƙaramar Itel ko tsohuwar Tecno, waɗanda su ne a hannun yawancin masu buga shi a Tudun Wada da Sabon Gari. Don haka mai tsohuwar waya mai ƙaramin ma'aji ya fi mai iPhone amfani a wannan layin, muddin zai buɗe gem ɗin kullum ya faɗi daidai inda ya maƙale.