Saukar dare a Kwatano

Mu ƴan kasuwar Maradi da Damagaram, in mota ta sauke mu Kwatano bayan magariba, kuɗin sari ɗaure a ƙugu, ba mu tsayawa neman otel. Unguwar Zango muke dosa. Can ana jin Hausa, kuma a bakin masallaci ba a rasa mai nuna ɗakin baƙi mai araha. Mata kan haɗa kuɗi su kama guda. Kabu-kabun garin, zemijan masu riga ruwan ɗorawa, a gama ciniki da su kafin a hau, a kuma riƙe lambar bayan rigar. Mai wucewa Lome, wajen kilomita 150, ya haƙura sai asuba. Taksi ba ya tashi sai ya cika, kuma wanda ya isa iyakar Hilakonji da dare, kaya niƙi-niƙi, ƴan kamasho ke yanka mishi farashi.