Kacalla Ba Daga Sama Ta Faɗo Ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen fadamar Haɗeja da Nguru, ciyawar kacalla ake fara ɗora wa laifi, har mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar gwamnati ta kawo injinan yanka za a rabu da ita. Wannan fahimta ta tsallake asalin matsalar, domin kacalla, wato doguwar ciyawar nan mai fin tsayin mutum da ke fitowa a ruwa marar zurfi, ta samu gindin zama ne bayan da aka sauya yadda ruwa ke isa fadamar.

Kafin a kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa yakan malale fadamar da damina ya ja da baya da rani, ƙasa ta bushe, manomi ya shuka a dausayin da ruwan ya bari, makiyayi ya samu ciyawa. Yanzu kuwa ana sakin ruwa kusan duk tsawon shekara, wurare da dama ba sa bushewa, kuma abin da kacalla ke bukata ke nan. Ƙarfinta yana cikin saiwar da ke rarrafe a ƙarƙashin laka, saboda haka yanke ta daga sama kamar aski ne, ko kamar nome aya-aya a bar ƙwayarta a ƙasa: kwana kaɗan sai ta dawo. Idan ta cunkushe sai ta tare yashi, ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya sha ambaliya yayin da na gaba da shi ke neman ruwan ban-ruwa, masunci kuma ya rasa inda zai tura kwalekwale.

A cikin kacallar ne kuma tsuntsun jan-baki ke kwana ya kuma hayayyafa, daga nan ya afka wa shinkafa da gero. Maganin da ake fesa masa daga jirgin sama ba ya tantance shi da sauran tsuntsaye, alhali yankin, musamman Dagona, mafaka ce ga tsuntsayen ruwa masu zuwa daga Turai lokacin hunturu, kuma tun 2000 tafkin Nguru yana cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta ba muhimmanci a duniya.

Kwangilar yankan ciyawa ta fi saurin samun sa hannu, tana kuma da daɗin ɗaukar hoto. Sai dai muddin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ba ta tsara sakin ruwa yadda fadamar za ta riƙa bushewa da rani ba, kacalla tana nan daram.