Zafin Rufin Kwano: Maganin Yana Tsakanin Silin da Kwano

Daga Maris zuwa Mayu, zafi a Gusau, Tsafe da Bungudu kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. A irin wannan lokaci, mai gidan bulo da rufin kwano kan kwana a tsakar gida, alhali tsohon soron ƙasa a ƙauye irin Karakkai yana nan da sanyinsa. Dalili shi ne kaurin ƙasar da aka ɗora kan azara yana jinkirta shigar zafi, shi kuwa kwano da tsakar rana yana iya wuce digiri 60, ya sauke zafin kan silin, silin ya miƙa wa ɗaki.

Mafi yawan magidanta kan tunkari matsalar da ƙarin fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Sai dai tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da ƙarin kuɗin lantarki ga 'yan rukunin Band A a watan Afrilun 2024, sanyaya ɗakin da zafi ke kwararowa ta samansa ya zama tamkar zuba ruwa a kwando.

A Amurka da Kanada, hanyar da aka saba bi ita ce hura abin tare zafi cikin sararin da ke tsakanin silin da rufi. Injin yana tsaye a waje, yana tura niƙaƙƙiyar tsohuwar takarda ko zaren gilashi ta dogon tiyo, ma'aikaci kuma yana baza shi har ya rufe silin baki ɗaya. Takardar akan haɗa ta da sinadarin boret domin kare ta daga wuta da ƙwari. Sirrin aikin shi ne iskar da ke maƙale a tsakanin zaruruwan, domin iska mara motsi ba ta saurin ɗaukar zafi.

Wannan ba baƙon abu ba ne a hukumance. A 2017 Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine, wadda ta tanadi a sa abin tare zafi a rufi. Kaurin kusan santimita 5 na zaren gilashi kan kai mizanin da ta gindaya. Inda babu injin hurawa, ana shimfiɗa nau'in da ake sayarwa a nannaɗe. Busasshen ƙaiƙayin shinkafa, wanda ake zubarwa a injinan casa, shi ma yana tare zafi, amma yana buƙatar ƙarin kauri, kuma ya fi nauyi.

Bango kuwa wani zance ne daban. Gidajen Amurka na katako ne masu rami a tsakiya, shi ya sa ake huda su a cika. Bulon siminti ko an cika ramukansa, zafi zai bi ta jikin simintin ya wuce. Inuwar bishiya ta yamma da farin fenti sun fi amfani a nan.

Kafin a fara aikin rufi, a kula da abubuwa huɗu. A toshe duk wata yoyo, domin abin tare zafi da ya jiƙe ya rasa amfaninsa, ya kuma ruɓar da katako. A kira ƙwararren mai aikin lantarki ya sa wayoyi cikin bututu, gudun gobara. Kafinta ya tabbatar silin zai ɗauki nauyin, a kuma bar ƙofofin iska a buɗe da raga. Idan tsohon silin asbestos ne, kada a huda shi ko a fasa, saboda ƙurarsa na haddasa cutar huhu.

Ga mai gini yanzu, lokacin da ya fi sauƙin yin wannan aiki shi ne kafin kafinta ya buga allon silin na ƙarshe.