Shin da gaske ne kamfanonin inshora ba sa biya?

A tashar mota da kasuwa ana yawan cewa inshora kuɗin banza ce, ranar da tsautsayi ya faɗa ba ka ganin ko sisi. Maganar tana da tushe, amma an cakuɗa gaskiya da ƙarya.

Gaskiya ne mai takardar naira 15,000, kuɗin da hukumar kula da inshora NAICOM ta ƙayyade wa motocin gida tun Janairun 2023, ba za a gyara masa motarsa ba ko da ta yi kwatsa-kwatsa. Wannan takarda ta wanda ka buge ce: raunin jikinsa, ransa, da dukiyarsa har naira miliyan 3. Abin da ke ƙona mini rai shi ne direban da zai ci bashi ya gyara motar da ya buga, alhali takardar da za ta ɗauke masa nauyin tana cikin motarsa.

Ƙarya ne kuwa a ce cikakkiyar inshora ta ɗauki komai. Motar da aka yi wa inshora a matsayin ta gida, aka shiga kabu-kabu da ita, kamfani yana da hujjar ƙin biya. Haka idan direban ba shi da lasisi ko yana cikin maye. Injin da ya buga don tsufa ma ba ya ciki. Tarzoma da ambaliya galibi sai an ƙara kuɗi an shigar da su.

'Yan kasuwa su lura da batun ruwan nan. Ambaliyar 2022 ta lalata atamfofi da shaddoji masu yawa a Kantin Kwari da ke Kano, kuma takardar gobara zalla ba ta biyan irin wannan asara. Wanda ya rage darajar kayan shagonsa don kuɗin inshora ya yi sauƙi, diyyarsa ma a rage za ta zo.

Masu cewa takaful, wato inshorar Musulunci, ba ta da irin waɗannan togaciya sun yi kuskure, tana da su a rubuce.

Wasu kuma da suke kukan ba a biya su ba, takardar bogi aka sayar musu a bakin titi. Don tantance takarda, ana duba lambar mota a rumbun bayanan inshora na NIID. Idan takardar ta gaske ce, sharaɗi bai karye ba, kamfani ya ƙi biya, NAICOM tana karɓar koke.